Yadda ake aikin gyaran magana da yara makafi a makaranta

Mutane da yawa in kace musu yaro makaho na buƙatar mai gyaran magana sai su tsaya suna kallonka, wai ai ido ne babu, bakin me ya same shi, wasu ma har su ƙara da cewa ai makafi sun fi kowa baki da hadda. Toh gaskiya ne akwai yara da dama da suke tashi da makanta kuma maganarsu ras, babu abun gyarawa. Amma duk malamin da ya taɓa riƙe ajin farko a makarantar makafi, ko ta Gindiri ce da take nan tun 1953, ko Tudun Maliki a Kano, ko ta Jabi a Abuja, ya san irin yaron da nake nufi. Zai kawo maka tallan rediyo daga farko har ƙarshe da muryar mai tallan, zai jero maka surori babu gargada, amma ƙishirwa ta kama shi bazai iya cewa "ina son ruwa" ba, sai dai yace "kana son ruwa?" don haka yaji ana ce masa a gida. Kalmomin suna bakinsa amma basu haɗu da komai ba, kuma haɗa su da abun da hannunsa ya sani shine kusan duka aikin.

Masu wannan sana'ar 'yan kaɗan ne a ƙasar nan kuma yawancinsu suna Legas da Ibadan da Abuja, don haka ko makaranta ta samu mai zuwa sau ɗaya a wata, aikin kullum yana wuyan malamin aji da mai kula da ɗakin kwana ne. In za'a ɗauko na waje a tambaye shi rajistarsa da MRTB, hukumar da ke yiwa masu gashin ƙashi da masu gyaran magana rajista a Najeriya, saboda masu cewa sun iya sun fi waɗanda suka iya yawa.

Fara da uwar kafin yaron

Ranar da aka kawo yaro kar ka bari wanda ya rako shi ya tafi baku zauna ba. Uwar kake nema ko kakar da ta goya shi, don sau da yawa kawu ko baffa ne ke kawowa kuma abun da ya sani kaɗan ne, in bata zo ba a kira ta a waya. Tambayar farko, yaushe ganin ya tafi? Wanda aka haifa baya gani daban, wanda ƙyanda ta ci masa ido yana ɗan shekara huɗu daban, shi na biyun ya riga yaga bakin mutane na motsi, yaga akuya, ya san ja ya san fari, yana da ajiya a kansa. Sai kuma me ya kawo makantar. In a ƙwayar idon ne kawai, kamar yanar ido ko hawan jinin ido ko tabon ƙyanda, galibi ƙwaƙwalwa lafiyarta lau. In kuwa sanƙarau ne, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko doguwar naƙuda yaro ya fito bai yi kuka ba, ko bakwaini ne, ko shawara mai tsanani ta kama shi satin haihuwa, toh ka sa a ranka abun bai tsaya a ido kaɗai ba. Haka in uwar tayi zazzaɓi da ƙuraje a farkon cikin, wato rubela, ita wannan takan haɗa ido da kunne har da zuciya.

Ka tambayi wane yare ake yi a gida, don yaron da Fulatanci ko Barbarci ya taso dashi in ka gwada shi da Hausa ko Turanci yayi shiru, ba matsalar magana ka gano ba. Ka tambayi yaushe ya fara kalma. Abun da aka saba shine kalmar farko wajen shekara 1, haɗa kalma biyu wajen shekara 2, zuwa shekara 4 baƙo ma ya gane yawancin abun da yake faɗa. Ka tambayi yana tauna abinci ko har yanzu kunu da koko ne, da wa yake wuni, ana barinsa ya fita tsakar gida ko a ɗaki yake zaune don tsoron kar ya faɗa murhu. Wannan ta ƙarshen a hankali ake yinta, uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaki tsoro ne yasa ta, in taji ƙamshin zargi shikenan bazata ƙara gaya maka gaskiya ba.

Kusan ko yaushe za'a ce maka an kai shi wurin wanzami an yanke linzami ko ana shirin kaiwa. Ka roƙe su su dakata. Linzami da wuya ya hana yaro fara magana, in ma akwai shi likita ne zai duba, kuma yaron da aka danne aka yanka masa ƙasan harshe bai ga abun da ke zuwa ba, zaka sha wahala kafin ya yarda wani ya ƙara kai hannu kusa da bakinsa.

Kunne

Kar ka fara koyar da komai baka san yadda yake ji ba. Mai ido in kunnensa ya ɗan toshe yana cikewa da kallon baki, shi wannan bashi da abun cikewa, ɗan ruwan da mura ta tara a bayan dodon kunne ya isa ya yanke shi daga aji gaba ɗaya kowa na cewa ai miskili ne.

Gwajin da kowane malami zai iya shine na sauti shida da wani masanin ji mai suna Daniel Ling ya tsara: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. Ka bashi gwangwani da tsakuwa, ka nuna masa duk sanda yaji sauti ya jefa ɗaya. Ka fara kusa dashi da muryarka ta yau da kullum banda ɗagawa, sai ka ja baya kamar taku uku ka sake, ka riƙa canza jerin da tazarar shirun don kar ya haddace, in yana ɗan gani ka kare bakinka da faifai. Wanda aka fi rasawa sss ne da shhh. In ya rasa ko ɗaya, ko kunne na zubar da ruwa, ko yana yawan karkato gefe ɗaya, a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, a yi masa awon ji na na'ura. Wannan naka gwajin tacewa ce kawai. Kuma a gayawa masu kula da ɗakin kwana banda sakace da tsinken ashana, banda ɗiga mai a kunnen da ke zuba.

Idon ma a duba me ya rage. Yara da yawa a makarantun makafi suna da guntun gani, zabiya misali, ko wanda matsalar daga ƙwaƙwalwa take, shi wannan sau da yawa yafi ganin abu guda ɗaya mai launin ja ko rawaya a kan baƙin ƙyalle. In akwai guntun gani ka zauna yadda haske zai sauka a fuskarka, kar ka bawa taga baya.

Sati biyun farko saurare ne

Ɗauki littafi ka bi yaron, a aji, a wurin cin abinci, a bakin famfo, ka rubuta jimla 50 daidai yadda suka fito daga bakinsa, kar ka gyara ko ɗaya, a gefe ka rubuta me ke faruwa lokacin. Bayan nan ka zauna ka yiwa kowacce alama, wannan tasa ce, wannan kwafe ce daga bakin wani. Sai ka duba me yake yi da tasa ɗin: yana neman abu, yana ƙin abu, yana tambaya, yana bada labarin abun da ya wuce? Yaron da duk maganarsa tambaya ce, "waye wannan, ina zaki, waye wannan", ko an bashi amsa ya sake, yawanci so yake ya riƙe ki kusa dashi Malama, bai san wata hanyar buɗe hira ba.

Fahimta kuma da abu ake gwada ta, hotunan da ke cikin littattafan gwaji na Turawa basu da amfani anan. Zuba masa cokali da kofi da soso a faranti ya shafa su, kace bani kofi, sai ka ƙara nauyi, saka cokali cikin kofi, bani abun da ake wanka dashi. Ka lura da hannunsa fiye da fuskarsa. Selma Fraiberg da ta bibiyi jarirai makafi a Jami'ar Michigan ta Amurka a shekarun 1960 zuwa 1970 ta nuna cewa sha'awar irin waɗannan yaran a yatsunsu take bayyana, kuma in yaro yayi tsit ya daina motsi sau da yawa saurare yake, mu kuma sai mu ɗauka bai damu ba mu wuce.

Daga abun da ka tara zaka fitar da buri biyu ko uku na zangon, ƙanana da ake iya ƙirgawa, kamar ya nemi ruwa da banɗaki da bakinsa ba tare da an tambaye shi ba. "Ya iya magana" ba buri bane.

Wurin zama da maganar hannu

Minti 15 zuwa 20 ya isa, sau biyu ko uku a sati, wuri ɗaya lokaci ɗaya. Ɗakin yayi nesa da janareta da kicin, in siminti ne tsirara yana amsa kuwwa a shimfiɗa tabarma a rataya tsohon bargo. Ƙofa a buɗe, kuma 'yan mata da suka fara tasawa malama ce zata zauna dasu.

Duk shigowa ka faɗi sunanka ka kira nasa, "wane, Malam ne", duk fita kace zaka fita. Wasan nan na "canki waye" da baƙi ke so, a hana shi. Kar ka taɓa shi baka faɗa ba, musamman kar ka cafko hannunsa ka dangwara kan abu, hannun nan dashi yake gani, yaran da ake yiwa haka su ne zakaga sun dunƙule hannu sun ɓoye a hammata. Ka sa naka hannun a ƙarƙashin nasa, nasa na bisa naka, kai ka taɓa abun shi yana biye, in ya yarda a hankali ka zame yatsunsa su sauka, in ya janye ka ƙyale shi. Sannan in kayi magana ka ƙirga goma a zuci kafin ka sake. Wannan goman tafi komai yiwa malamai wuya wallahi, shiru na daƙiƙa uku sai kaji mun cike shi da wata tambayar, yaron da ya kusa haɗa amsar farko sai ya koma farko.

Kowace kalma ta bi ta hannu

Ana cewa gani ya kori ji, toh shi taɓawa ce ke korar masa ji. Ka haɗa kwando na kayan gaske: buta, ludayi, ƙwarya, tsintsiya, mafici, kwaɗo da makulli, silifas, hula, carbi, maburgi. Kayan wasan roba a ajiye su tukunna, 'yar akuyar roba a hannun yaron da bai taɓa shafa akuya ba guntun roba ce kawai, bata da gashi bata da wari bata kuka. A kai shi inda akuyar take, wani ya riƙe ta, ya shafa baya da kunne da ƙaho yaji tana numfashi.

Ɗauki buta kaɗai, zata iya cin sati. Ya ɗaga ta babu ruwa, ya cika ta a famfo da kansa yaji tayi nauyi, ya tsiyaya a ƙafarsa, ya nemo bakinta da mariƙinta da murfi, kai kuma kana sa kalma daidai lokacin da abun ke faruwa, gajeru: ta cika, nauyi, zuba, ta ƙare. Kar ka riga hannunsa kar kuma ka makara. Kashegari ka kawo wata butar daban, ƙarama ko ta ƙarfe, saboda yaro makaho yakan ɗauka "buta" sunan tasu ce ta gida ita kaɗai, mai ido yaga ɗari a kasuwa ba tare da an koya masa ba, shi kuwa sai an kawo masa ɗaya bayan ɗaya.

Abu na biyu, ayi aiki daga tushe har ƙarshe. A wurinsa abinci daga sama yake faɗowa cikin kwano, kaya kuma su ɓace da datti su dawo a wanke. Ku dama kunu tare, ya taɓa garin, ya taɓa ruwan, ya juya, yaji tururi daga nesa, ya sha, ya wanke kofin ya kife. Ku bashi ɗanyen ƙwai ya fasa da hannunsa, sannan dafaffe ya ɓare, sannan soyayye, akwai yara manya da basu san ukun nan abu ɗaya bane don babu wanda ya taɓa haɗa musu. A nan ne kalmomin aiki da na kafin da bayan suke shiga, kuma da yamma sai kace ya bawa mai kula da ɗakinsu labarin abun da kuka yi, ka samu bada labari kenan a kyauta.

"Ga shi can" da "miƙo wancan" mu cire su daga bakinmu. Kace kofin yana gabanka ɓarin hannun dama, ko ka ƙwanƙwasa shi yaji inda yake. Sama da ƙasa, ciki da waje, gaba da baya, da jikinsa zai fara koyonsu, ya shiga kwali ya fito, ya hau benci ya shiga ƙarƙashi, kafin a koma sa dutse cikin gwangwani. Malamin da ke koya masa tafiya da farar sanda ku daidaita kalmominku, kar kai kace hagu shi yace hagun wani yace ɗaya hannun.

Launi da wata da gajimare kuwa kar a hana shi faɗa, yaren mutanensa ne. Ka gaya masa ja shine launin jini da manja da nunannen tumatir, ya riƙe haka. Kuma ka riƙa cewa "zo ka gani" yadda kake cewa kowa, kaucewa kalmar ce ke sa hira tayi wani banbaraƙwai.

Mai maimaita magana, da rikicin ni da kai

Nan ne aka fi yin kuskure, ko a yi ta yi masa dariya ana sa shi ya kwaikwayi mai labarai baƙi su ji, ko a daka masa tsawa. Maimaitawar nan akasari tana da ma'ana, sai dai a naɗe take. Yaron da ke ce maka "sai da safe" da tsakar rana yana iya nufin ka tafi ka ƙyale ni. Wanda ke cewa "zaka sha duka" duk sanda aka kunna injin niƙa tsoro yake ji, ya ɗauko jimlar da ya taɓa ji ranar da ya tsorata. Aikinka ka gano me ake nufi, ka bashi gajeriyar jimlar da zai faɗa a madadinta, ka faɗe ta kamar daga bakinsa take fitowa, "ina jin tsoro", "bana so", sannan ka aikata abun nan take don yaga maganar tayi aiki.

Ka rage tambaya sosai. Tunda kwafe yake yi, ka bashi abun da in ya kwafa zai zama daidai. Ya kai hannu ga kofi, maimakon "kana son ruwa?" sai kace "ina son ruwa", ya maimaita, ka miƙa. Yafi kyau in ku biyu ne, ɗaya a gabansa riƙe da kofin, ɗaya a bayansa yana raɗa masa abun faɗa, don kar ya rikice waye "ni" ɗin. Bayan kwana biyu na bayan ya rage, "ina son...", ya bari ya ƙarasa, daga baya yayi shiru gaba ɗaya. Wajen zaɓi kuma in kace "ruwa ko kunu" zai ce kunu don shine na ƙarshe, juya kace "kunu ko ruwa", in ya koma ruwa ka san ba zaɓa yake ba, sai ka ɗora hannunsa ɗaya kan kowanne kofi ya shinshina, wanda ya ja shi zaka bashi ka sa masa suna.

Ni da kai suna yiwa yara makafi da yawa wuya, Fraiberg ma ta lura da jinkirin "ni" a yaran da ta bibiya, mu kuma Hausa ta ƙara mana ka da ki, shi da ita. Zakaji yarinya na cewa "ki bata" tana nufin a bani. Wasan hula na taimakawa: ku zauna gwiwa da gwiwa, hula a kansa hannunsa a kai, "tana kaina", ta dawo kanka ya shafa, "tana kanka", sai a kawo yarinya cikin wasan a samu "kanki". Kullum minti uku, kar a mai dashi jarabawa.

In bayan maimaitawar yaron bai damu da mutane ba sam, ɗan canji kaɗan ya birkice da ihu, yana iya zama akwai otizim a tare, wato larurar da ke sa mu'amala da mutane ta yiwa yaro wuya. Amma makanta ita kaɗai da zaman ɗaki na shekaru suna kawo abubuwa masu kama da haka, don haka banda saurin laƙaba suna, a yi wata uku ana aiki a ga motsi, sannan likitan yara ya duba.

Furuci

Sautukan da ake gani a leɓe, b da m da f da w, mai ido yana ɗaukarsu da kallo. Anne Mills da tayi bincike kan yara makafi masu koyon Jamusanci a shekarun 1980 ta samu sun fi jinkiri a irin waɗannan, duk da yawanci suna kamowa. A Hausa inda zaka fi kama shi m da n ne, don a kunne kusan ɗaya suke: masa da nasa, mata da nata, maki da naki. Ka fara da kunne, kai ka faɗa shi ya nuna wanne yaji, sai sautin shi kaɗai, sai gaɓa, ma mi mu, sai kalma, sai jimla. Kar ka tsallake.

Madubinsa fuskarka ce. Ku wanke hannu, ka nemi izininsa, ka ɗora babban yatsansa a leɓenka sauran yatsun a muƙamuƙi da maƙogwaro, irin hanyar Tadoma da aka yi amfani da ita a Amurka wajen koyar da waɗanda basa ji basa gani, ka furta a hankali, sai ya mayar da hannun fuskarsa ya gwada. Wajen ƙ da ts zaiji maƙogwaro ya ɗan yi tsalle sama, abun da baya yi a k da s, sai ku yi ta ƙafa da kafa, ƙasa da kasa, tsaya da saya, sannan ɓata da bata, ɗaka da daka. In ya ƙware a kai shi wasan karya harshe na ƙato da kwaɗo da ƙoto, yara na son shi. Ita r kar ka bi ɗan shekara huɗu da ita, takan zo a makare.

A kula, yaron Sakkwato ko Maraɗi da yace "tahi" ko "hwari" bashi da wata larura, Hausar garinsu ce, haka wanda ke musanya p da f a Turanci. In'ina kuma banda ƙarasa masa magana, banda "nutsu mana", kai ne zaka rage saurin taka maganar ka jira shi. Tana yawan farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5 kuma akasari tana wucewa, in ta haura wata shida ko yana yamutsa fuska yana ƙin magana a nemi ƙwararre.

Duk wannan aikin kunnen yana biyan kansa a ajin burel, wato rubutun makafi na ɗigo shida da ake karantawa da yatsa, yaron da ke tafa gaɓoɓin sunansa yana gane kalmomin da suka fara da sauti ɗaya, ɗigo shidan nan basa yi masa wuya kamar wanda bai taɓa wasan ba.

Wanda baya magana sam

Kar a zauna jiran baki ya buɗe. A jera kwalayen takalmi huɗu ko biyar daga hagu zuwa dama, kowanne da abun da ke wakiltar wani aiki na ranar, cokalinsa na gaske abinci kenan, buta banɗaki, soso wanka, silifas fita waje, a ƙarshe kwando na "an gama". Tsarin ya samo asali daga aikin Jan van Dijk na ƙasar Holan da yaran da basa ji basa gani. Kafin kowane aiki ya je ya ɗauko abun, ya tafi dashi wurin aikin, an gama ya jefa a kwando, kai kuma kana faɗin kalmar kowane karo. Kar a canza kayan, kar wani ya ari cokalin. Ranar da ya ɗauko buta da kansa ya miƙo maka, ko me kake yi ka ajiye ka kai shi, ya yi magana kenan. Haka wasan lilo ko sukuwa a gwiwa, kuyi ku tsaya cak ka jira, duk motsin da yayi na neman ƙari ka karɓa kace "ƙara" ku ci gaba. In kunnen ma babu, a nemo malamin kurame ya riƙa yin maganar hannu yaron na riƙe da hannayensa.

Irin waɗannan yaran sau da yawa cin abinci ma matsala ne, kuma yana cikin aikin. A zaunar dashi bayansa a miƙe ƙafa a ƙasa, ya shinshina ya taɓa abincin, a gaya masa cokali na zuwa, a taɓa leɓensa a jira ya buɗe. Ɗura haramun ce a nan, toshe hanci a zuba kunu yana iya tura shi huhu. Yawan tari ko ƙwarewa wajen ci, murya ta koma kamar da ruwa a ciki bayan haɗiya, ko ciwon ƙirji da ke ta dawowa, wannan na asibiti ne.

Zama cikin mutane

Littattafan waje sun cika nacewa kan kallon ido cikin ido, mu kuwa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Abun da zaka koya masa shine ya juyo da fuska da ƙirji wajen mai magana, ya ɗan ɗaga haɓa don murya ta fita, in zai durƙusa gaisuwa ya durƙusa ta inda muryar take. Gyaɗa kai, girgiza kai, ɗaga hannu in za'a rabu, duk sai an koya masa da hannu don bai taɓa ganinsu ba. Ƙarfin murya kuma ku gwada shi da tazara, ta mutum ɗaya kusa, ta aji, ta kiran wani a tsallaken fili.

Sau ɗaya a sati ka haɗa yara huɗu ko biyar a tabarma, gwangwani mai tsakuwa na zagayawa, mai riƙe dashi ke da magana sauran su ji inda yake. Tatsuniya da kacici-kacici sun dace da nan, amma in ƙwarya ta fito a labarin to ƙwarya ta zagaya hannu. A wannan zaman ne zaka koya musu sunayen sassan jikinsu na gaskiya, da "waye?", "bari", "bana so", "zan faɗa", da ƙarfi ba kunya, kuma in yaro ya ce maka bana so kai ma ka tsaya, in ba haka ba ka rushe darasin da kanka. Yaron da kowa ke kama hannunsa ya ja shi yana buƙatar waɗannan kalmomin fiye da sunayen kwanakin mako.

Kowane zama ka rubuta layi biyu, me aka yi, sau nawa yayi da kansa sau nawa da taimako. Ƙarshen zango ka sake ɗaukar jimla 50 ka ajiye kusa da na farko ka ƙirga nawa ne nasa yanzu. In babu motsi ko kaɗan ka koma kan kunne, sannan ka rage girman burin.

Hutu kuma shi ke cinye aiki, don haka takarda kaɗai bata isa ba, iyaye da yawa bazasu karanta ba. Ka yiwa uwar saƙon murya a WhatsApp ko ka kira ta, da yaren gida, abu uku kacal: kalmomi biyar da ake kai yanzu, jimlar da zata riƙa faɗa masa a madadin tambaya, da aiki ɗaya na gida da zai riƙa yi da ita kullum, ko tsince wake ne ko ɗauraye kofuna. In yana amfani da kwalaye a haɗa masa kayansa a leda ya tafi dasu, a nunawa yayarsa ko yayansa yadda ake jerawa, don su ne zasu wuni dashi in uwar na kan aiki.